Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Kano a kan albashin ciyamomi, kansiloli da bod memba

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaban Majalisa da ku duka wakilanmu 40, ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a cikin birni, ba ni da katin kowace jam'iyya kuma ban taɓa neman kujera ba, abin da kawai ya haɗa ni da harkar jama'a shi ne kwamitin unguwarmu da muke yashe kwatoci duk shekara kafin ruwa ya sauka. To a wajen wannan aikin gayya ne maganar da zan yi muku ta samo asali. Bara mun fito da cebur da baro tun bayan asuba, kafin hantsi mun tara laka da leda himili guda a bakin titi, sai aka rasa kuɗin tifar da za ta kwashe, aka ce a kira kansila. Ya zo kuwa, da silifas ɗinsa, ya tsaya ya ga aikin, ya sa hannu a aljihu ya ciro dubu ashirin ya miƙa wa ma'ajinmu ya rantse da Allah iyakar abin da yake da shi kenan. Yana juya baya wani matashi ya yar da cebur ya ce wallahi rainin hankali ne, mutumin da yake ɗaukar miliyoyi duk wata. Wani dattijo ya ce kai yaro ina miliyoyin, ai kansila abin tausayi ne. Musu ya kaure, aiki ya tsaya. Mun fi mutum talatin a wajen, akwai malamin makaranta, akwai tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, akwai mai digiri biyu, amma babu mutum ɗaya da ya iya cewa ga adadin abin da kansilan da muka zaɓa yake karɓa a wata. Mu muka zaɓe shi, da kuɗinmu ake biyansa, kuma ba mu san nawa ba. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Daga baya na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu da kaina na tambaya, cikin ladabi, aka tura ni daga wannan ofis zuwa wancan, a ƙarshe wani ya dube ni ya ce Alhaji me za ka yi da shi. Na dawo hannu rabbana. Alhali akwai dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, kuma ko babu doka, albashin da ake cirewa daga baitulmalin jama'a ai ba sirrin gidan kowa ba ne.

Na san za ku ce ba ku kuke yanka albashi ba, akwai hukumar RMAFC a Abuja mai raba arzikin ƙasa, ita tsarin mulkin 1999 ya ba wa aikin ƙayyade abin da masu muƙaman siyasa za su karɓa, har ku kanku sashe na 111 ya ce ita za ta faɗi naku. Haka ne. Amma sashe na 7 ku ya ɗora wa alhakin yin dokar da ta tsara ƙananan hukumomi, tsarinsu da kuɗinsu da aikinsu, kuma sashe na 124 ya ce ku za ku sa albashin gwamna da mataimakinsa da mambobin wasu hukumomin jiha kamar ta zaɓe da ta ma'aikata a doka, in dai bai wuce abin da RMAFC ta ƙayyade ba. Kenan Abuja rufi kawai take sawa, abin da ke ƙarƙashin rufin a hannunku yake. Sannan kasafin kuɗi ta gabanku yake wucewa duk shekara. Shi ya sa ban rubuta wa Abuja ba na rubuto muku.

Kuma ita kanta takardar RMAFC ɗin ta tsufa. Rabon da a yi wa tsarin albashin 'yan siyasa gyara na gaba ɗaya tun 2008, shugaban hukumar Mohammed Bello Shehu da bakinsa ya faɗa a 2025 cewa albashin shugaban ƙasa naira miliyan ɗaya da rabi ne a wata, minista bai kai miliyan ɗaya ba. A 2023 an yi maganar ƙarin kashi 114 cikin ɗari, mutane suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta ce ba ta amince ba, magana ta mutu. To ku duba, daga 2008 zuwa yau an cire tallafin mai a 2023, buhun shinkafa ya ninka ya sake ninkawa, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 18 zuwa dubu 30 zuwa dubu 70, a nan Kano ma dubu 71, alƙalai an ninka musu nasu a 2024, amma a takarda ɗan siyasa yana nan inda yake. Wa zai yarda da wannan? Babu. Abin da ya faru shi ne albashin ya tsaya cak a takarda, kuɗin kuma suka bi ta bayan gida da wasu sunaye, kuɗin gudanar da ofis, alawus ɗin zama, alawus ɗin tafiya, kuɗin baƙi, kuɗin mota, kuɗin tsaro. Sanatan Kano ta Kudu Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa a 2024 cewa albashinsa wajen miliyan ɗaya ne amma abin da ke shigowa na gudanar da ofis miliyan 21 ne a wata, kafin shi Shehu Sani ya faɗi miliyan 13 da rabi a 2018. Na yaba musu da suka faɗa, don da ba su faɗa ba da har yau muna ta hasashe. Amma wannan shi ya nuna cutar, albashi na gaskiya ba shi ne wanda aka rubuta albashi ba. In haka abin yake a sama inda 'yan jarida suke sa ido dare da rana, to ina ga ƙasa, a ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 inda babu mai leƙawa.

Kada a fahimce ni a baibai, ni ba na cikin masu cewa a rage musu, ko a bar su su yi aikin Allah. Na zauna kusa da kansila na ga rayuwarsa. Wani maƙwabcina ya taɓa yi, zango ɗaya. Kafin ya idar da sallar asuba ya dawo gida an cika ƙofar gidansa, wannan da takardar magani a hannu, wannan matarsa ta haihu ba ragon suna, wannan an koro 'ya'yansa daga makaranta, ga tsohuwa da ta zo tun duhu ta zauna a kan dakali ba ta ce komai ba sai dai ta gaishe shi, kuma ya san me gaisuwar take nufi. Ciyaman yana da 'yan sanda a ƙofa, ɗan majalisa yana iya tafiya Abuja ko Kaduna ya huta, kansila kuwa a cikin lungu yake kwana, masallaci ɗaya da mu, in ya kashe waya a buga masa ƙofa. Mutumin nan fili ya sayar ya shiga takara, da ya sauka ya koma bin motar haya, shekara da shekaru yana jiran kuɗin sallamarsa, in mun haɗu sai ya ce ana nan ana ta alƙawari. Sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara biyan tsofaffin kansilolin da suka yi aiki tsakanin 2014 da 2024 haƙƙoƙinsu na sallama da kayan ɗaki, kuɗi sama da naira biliyan 15. An kyauta da aka biya, haƙƙi haƙƙi ne. Amma ku tsaya ku yi tunani a kan abin da wannan yake nufi, mutum ya sauka a 2017 sai bayan shekara takwas zai ga kuɗinsa, lokacin da kuɗin ba za su sayi rabin abin da za su saya a da ba, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya sai magada. Kuma bashi ne na biliyoyi ya taru a wuyan jiha shekara goma yawancinmu ba mu san da shi ba sai ranar da aka kira taro za a raba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren da ya fi damuna. A 2024 hukumar zaɓe ta jiha ta sa kuɗin fom na ciyaman naira miliyan 10, na kansila miliyan 5, aka kai ƙara kotu, daga baya aka ɗan rage. Ranku ya daɗe, matashin da zai biya miliyoyi kafin ma ya buga fosta ɗaya, a ina zai samo su? Ko dai ya sayar da gado, ko wani uban gida ya biya masa. In uban gida ne ya biya to kujerar ta uban gida ce. In shi ya biya to ranar da aka rantsar da shi da lissafin mayar da kuɗinsa zai shiga ofis. Ba zai yiwu a tattauna albashin kansila a ware shi daga kuɗin da ya kashe kafin ya zama kansila ba, abu ɗaya ne.

Kuma aikin kansila fa ba rabon dubu biyar biyar a ƙofar gida ba ne. Shi ɗan majalisa ne kamar ku, a ƙaramin mataki, shi zai duba kasafin ƙaramar hukuma, shi zai tambayi ciyaman ina kuɗin kasuwa, ina na tasha, me ya sa shara ta toshe hanya, me ya sa asibitin sha-ka-tafi ba magani, maƙabarta me ya sa ba katanga, duk waɗannan tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. To mutumin da alawus ɗinsa sai ciyaman ya ga dama ya sa hannu, wata ya fito wata bai fito ba, in ya yi magana a zaman majalisa a riƙe masa, ta yaya zai tambayi ciyaman ɗin nan lissafi? Bakin da ya ci shi ke godiya. Ni a ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa dole haƙƙin kansila ya zama a rubuce a doka, adadi sananne, ya faɗa asusunsa kai tsaye ranar da ma'aikata suke samun nasu, ba sai ya je ya yi layi a ofishin kowa ba. Ku biya shi abin da zai riƙe mutuncinsa, sannan mu kuma mu samu bakin tuhumarsa.

Yanzu maganar ta ƙara nauyi tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 da ya ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 a ba su kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin riƙo ba sai zaɓaɓɓu. Kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Duk ranar da kuɗin nan suka fara sauka gaba ɗaya a hannun ciyamomi, in babu doka mai ƙarfi da ta ce ga iyakar abin da masu muƙami za su ɗauka, wallahi abin da zai fara kumbura shi ne jerin masu muƙamin, kansilolin gafaka, masu ba da shawara, mataimaka na musamman, mataimakan mataimaka, kowa da alawus ɗinsa, kafin a zo kan rijiyar burtsatse kuɗin sun ƙare. Gara a gina shingen tun kafin akuya ta shiga gonar.

Sai maganar bod memba, wadda kusan ba mai yinta. Muna da hukumomi da yawa a jihar nan, ta ilimin bai ɗaya, ta kula da asibitoci, ta alhazai, ta ruwa, ta kwashe shara, ta tsara birni, da sauransu, kowacce da shugaban bod da mambobi da gwamna yake naɗawa. Wasu cikakkun ma'aikata ne kullum suna ofis, wasu kuma na wucin gadi ne sai in an kira zama. Ban ce duka ba su aiki ba, na san akwai dattawa masu ilimi da suke zuwa da fayil ɗinsu a karance su yi gardama a kan gaskiya, irin waɗannan ko nawa aka ba su ba a biya su ba. Amma mu a gari yadda muke jin labarin muƙamin bod shi ne an ba wane don ya sha wahala a kamfen, ana taya shi murna kamar an ba shi kyautar fili. Ba a tambayar me ya sani a kan ruwa ko a kan asibiti. To in bod ladan kamfen ne, jam'iyya ta biya daga aljihunta. In kuma aiki ne, to a biya shi a kan aikin, wanda ya zo zama ya sa hannu a rajista a ba shi alawus ɗin zaman, wanda bai zo ba babu, a ƙayyade sau nawa za a zauna a shekara don kada a riƙa kiran zaman minti goma saboda alawus, kuma a hana mutum ɗaya zama a bod biyu uku yana karɓa ta ko'ina. Rahoton zaman ma a fitar da shi mu gani, me aka tattauna, wa ya zo.

Kada ku ɗauka wannan tsoro ne kawai na ɗan kasuwa, ya faru a inda ake ganin sun fi mu tsari. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Kalifoniya ta Amurka sunansa Bell, kusa da Los Anjeles, mutanensa ba su kai dubu 40 ba kuma yawancinsu talakawa ne 'yan aikin ƙarfi. Dokar jiharsu ta sa iyaka a kan albashin kansiloli, sai a 2005 shugabannin garin suka shirya wata ƙuri'ar raba gardama da ta fitar da garin daga ƙarƙashin wannan iyaka, mutanen da suka fito zaɓen ba su kai 400 ba don kusan ba wanda ya san me ake yi. Daga nan kansilolin suka riƙa naɗa kansu a wasu bod bod na garin, wasu ba sa zama sam, wasu zaman 'yan mintoci, kowanne da kuɗinsa, har aikin da ba na kullum ba ya koma kusan dala dubu 100 a shekara. Manajan garin Robert Rizzo shi kuma yana ɗaukar kusan dala dubu 800 a shekara, kusan ninki biyu na albashin shugaban Amurka. Ana ta ƙara wa talakawa haraji suna biya ba su san inda kuɗin yake zuwa ba, sai a 2010 jaridar Los Angeles Times ta nemi takardun ta buga, gari ya rikice, aka kama su, a 2014 aka yanke wa Rizzo shekara 12 a gidan yari. Ku lura da hanyar da suka bi, ta bod suka bi, kuma duhu ne ya ba su dama. Shekara biyar ana yi don ba wanda ya ga takarda.

Su Amurkawan a matakin tarayya suna da wata ƙa'ida da na ga ta dace da mu ƙwarai, gyara na 27 a tsarin mulkinsu wanda aka tabbatar a 1992, ya ce in 'yan majalisa suka canza albashinsu to ba zai fara aiki ba sai bayan an sake zaɓe. Kenan ka yi ƙarin, amma sai ka koma gaban jama'a sun sake zaɓenka kafin ka ci, ko kuma wanda ya kayar da kai ya ci. Ku sa mana irin wannan a dokar ƙananan hukumomi, duk wani ƙari na ciyaman da kansila ya jira zango mai zuwa.

Amma ni tun kafin in ji labarin Amurka na ji wanda ya fi shi a makarantar dare. Lokacin da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, Allah ya ƙara masa yarda, washegari aka gan shi da tufafi a kafaɗa zai tafi kasuwa, Sayyidina Umar ya tare shi ya ce ina za ka alhali al'amarin Musulmi yana wuyanka, ya ce to da me zan ciyar da iyalina. Sai sahabbai suka zauna suka yanka masa abin da zai ishe shi daga baitulmali. Ni mai sayar da yadi ne, duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Ba su ce ya yi kyauta ba, sun san mai iyali ne. Shi kuma bai ɗebar wa kansa ba duk da mabuɗin yana hannunsa, wasu ne suka yanka masa, a gaban mutane, kowa ya san adadin. Kuma da zai rasu ya yi wasiyya a mayar da abin da ya karɓa. Ba na tsammanin kansilanmu ya kai nan, amma biyun farko ai ba su fi ƙarfinmu ba.

Don haka roƙona gare ku, a kafa kwamiti mai zaman kansa da zai riƙa duba wannan albashi duk bayan 'yan shekaru, a sa wakilin ƙungiyar ƙwadago, da akanta, da malami, da 'yan kasuwa, da mata, mutanen da ba su da kujerar da za su ci moriyar abin da suka yanka, su duba abin da malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti a wannan ƙaramar hukumar suke ɗauka kafin su faɗi na ciyaman, don ni ban ga dalilin da za a yi wa na sama ƙari a shekarar da na ƙasa yake bin bashin albashi ko ɗan fansho yake bin garatuti ba. Su kawo muku a fili, ku yi muhawara a fili. Abin da aka amince da shi kuma, albashi da alawus da kuɗin mota da na kayan ɗaki da na sallama, duka har kwabo, a buga shi a manna a allon sanarwa na kowace sakatariya da Hausa da boko da ajami, a sa a intanet, a karanta a rediyo yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure. Duk kuɗin da ba ya cikin wannan takarda in ya shiga aljihun mai muƙami to sunansa sata, mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ya bi shi. Kuɗin sallama kuma a riƙa ware shi duk wata tun mutum yana kan kujera, ranar da ya sauka a ba shi abinsa.

Ina roƙon kwamitinku na ƙananan hukumomi ya kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan kafin kasafin baɗi, a gayyaci tsofaffin kansiloli su faɗi abin da suka gani da bakinsu, a sanar da ranar da wuri a rediyo ba ana gobe ba. Ni zan rufe shago in zo, kuma zan taho da matashin nan da ya yar da cebur da dattijon da suka yi musu, don har yau in sun haɗu a masallaci maganar ba ta mutu ba.

Wassalam. Naku, wani ɗan kasuwa daga cikin birnin Kano.